Tiyatar ƙara mazaunai da kitse: Shin ta dace da marasa jiki?

Tiyatar ƙara girman mazaunai ta hanyar dashen kitse, wadda aka fi sani da BBL, ta shiga sahun ayyukan gyaran jiki da aka fi tallatawa a Instagram da TikTok, kuma akwai asibitoci masu zaman kansu da ke yin ta a manyan biranen Najeriya, musamman Legas da Abuja. A 'yan shekarun nan an ƙara fito da wani nau'i na tallar da ya nufi sirara kai tsaye, inda ake nuna musu cewa rashin ƙiba ba zai hana su samun surar da suke so ba.

Akwai gaskiya a wannan magana, amma gaskiyar tana da iyaka. Aikin ya ta'allaƙa ne kacokan a kan kitsen da ke jikin wadda za a yi wa, domin ba a ɗaukar kitsen wani a dasa wa wani. Jiki zai ƙi shi. Don haka mai ƙaramin jiki za ta iya dacewa idan lafiyarta ƙalau, tana da ɗan kitsen da za a iya zuƙa ba tare da cutar da ita ba, kuma ta amince da ƙaramin canji. Idan babban canji take nema, jikinta ba shi da abin da zai biya wannan buƙata, kuma duk ƙoƙarin tilasta shi yana ƙara haɗari a aikin da tun asali Hukumar Lafiya ta Birtaniya, NHS, ta bayyana a matsayin wanda ya fi kowace tiyatar kwalliya yawan mace-mace.

Yadda ake aikin

Dashen kitse ya daɗe a fagen likitanci. Wani likitan Jamus mai suna Gustav Neuber ne ya fara ba da rahotonsa a 1893, lokacin da ya ɗauki kitse daga hannun majinyaci ya cike wani tabo da ke fuskarsa. A ƙarshen shekarun 1970 likitan Faransa Yves-Gérard Illouz ya inganta hanyar zuƙe kitse da siririn bututun ƙarfe mai dakusasshen baki. A 1987 kuma wani likitan fata na Amurka, Jeffrey Klein, ya fito da dabarar ɗura ruwan gishiri mai haɗe da maganin kashe zafi da maganin tsuke jijiyoyi a ƙarƙashin fata kafin a fara zuƙa, abin da ya rage zubar jini ƙwarai. Sunan BBL taƙaitawa ce ta kalmomin Turanci da ke nufin ɗaga mazaunai irin na Brazil, saboda shaharar da likitocin ƙasar suka yi a gyaran sura tun zamanin Ivo Pitanguy, wanda ya rasu a 2016.

Aikin hawa uku ne. Da farko ana zuƙo kitse daga ciki da kuiɓi da gadon baya da cinyoyi, wani lokaci har da damtse. Daga nan sai a tace abin da aka zuƙo, a raba kitsen da ruwa da jini da man da ya fito daga ƙwayoyin da suka fashe. A ƙarshe a ɗura tataccen kitsen a mazaunai da gefen ƙugu ta wasu ƙananan kafofi da aka yi a fata.

Kitsen da aka dasa yana isa sabon wurinsa ne ba tare da jijiyar da za ta ciyar da shi ba. A kwanakin farko yana rayuwa da abin da ke tsattsafowa daga naman da ke kewaye da shi, kafin sababbin jijiyoyin jini su tsiro su ratsa shi. Shi ya sa ake shimfiɗa shi siriri-siriri kamar zare. Idan aka tara shi dunƙule a wuri guda, tsakiyarsa ba ta samun jini, sai ta mutu ta zama ƙulli mai tauri ko jakar mai, wani lokaci ta ruɓe. Ko da an yi aikin yadda ya kamata, likitoci kan ƙiyasta cewa kashi 60 zuwa 80 cikin 100 ne na kitsen ke zama, sauran jiki ya shanye shi, kuma sai bayan wata uku zuwa shida ake ganin ainihin abin da ya rage.

Lissafin kitsen da ke jiki

Abu na farko da likita ke dubawa shi ne ma'aunin BMI, wanda ake samu ta hanyar raba nauyin mutum a kilo da tsayinsa a mita sau kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki ƙasa da 18.5 a matsayin rama, 18.5 zuwa 24.9 daidai, 25 zuwa 29.9 nauyi ya wuce kima, 30 zuwa sama kuma ƙiba. Mace mai tsayin mita 1.65 da nauyin kilo 52 ma'auninta 19.1 ne, wato tana cikin rukunin daidai amma a gefen ƙasa. Wadda take da tsayin mita 1.60 da kilo 47 kuwa nata 18.4 ne, ta faɗa cikin rama. Ta farkon za a iya duba yiwuwar yi mata ƙaramin aiki. Ta biyun abin da take buƙata shi ne a binciki dalilin ramarta.

Sai dai BMI ba ya faɗin inda kitse yake, ko ma akwai shi. 'Yar wasan guje-guje da mai zaman ofis za su iya yin nauyi ɗaya da tsayi ɗaya, amma nauyin ɗayar tsoka ce, ɗayar kuma tana da ɗan kitse a mara da kuiɓi da cikin cinya. Don haka likita kan mintsini fata a waɗannan wurare ya auna kaurin abin da ya kamo. Haka kuma ba duk kitsen ciki ne ake iya ɗauka ba. Wanda ke ƙarƙashin fata shi ne bututu ke kaiwa gare shi. Wanda ke can ciki, kewaye da hanji da hanta, yana bayan bangon tsokar ciki, kuma babu likitan da zai nufe shi da bututu.

Ga misalin yadda lissafin ke tafiya. Ledar ruwan fiya-wata tana ɗaukar mililita 500. A ce an zuƙo lita ɗaya da rabi daga jikin siririyar mace, wato leda uku. Bayan tacewa, a ce mililita 900 ya rage. Idan aka raba gida biyu, kowane ɓangare zai samu 450. Idan kashi 70 cikin 100 ya zauna, abin da zai rage bayan wata shida bai fi mililita 315 a kowane ɓangare ba, wato kaɗan ya ɗara rabin leda. Wannan adadi zai iya cike lotsawar gefen ƙugu, ya ɗan ƙara tudu a sama, kuma da yake an rage kuiɓi da gadon baya, idon mai kallo zai ga bambancin ya fi haka. Amma ba zai kai ga irin hotunan da ake yaɗawa ba, waɗanda galibi na masu jiki ne da aka ɗura wa kusan lita guda a kowane ɓangare, ko kuma hotunan da aka gyara da manhaja.

A wannan gaɓa ne matsala kan fara. Idan mai son aikin ta nace a kan girman da kitsenta ba zai bayar ba, kuma likitan bai iya cewa a'a ba, sai a koma ga ƙwaƙulo duk wani ɗigon kitse daga ko'ina a jiki, a tsawaita lokacin tiyata, sannan a cusa kitsen a wurin da ba zai ɗauka ba.

Inda sirantaka ke ƙara haɗari

Na farko, a wurin zuƙa. Ƙwararren likita yakan bar wani shimfiɗaɗɗen kitse a ƙarƙashin fata domin ta kwanta sumul, jijiyoyin da ke ciyar da ita kuma su tsira. Idan aka kankare shi duka, fata kan manne da tsoka, ta yi kwari da tudu, ta yi duhu ko tauri, wani lokaci wani sashe nata ya mutu. Gyaran irin wannan lahani yakan buƙaci dashen kitse, alhali babu sauran kitsen da za a ɗauko.

Haka nan, gwargwadon sirantar kitsen ciki, gwargwadon kusancin bakin bututu da bangon ciki. Huda hanji abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, amma yana kisa idan ba a gano shi da wuri ba. 'Yan Najeriya sun san wannan haɗari na zuƙe kitse tun rasuwar uwargidan shugaban ƙasa, Stella Obasanjo, a ƙasar Sifaniya ranar 23 ga Oktoba, 2005. A 2009 wata kotu a Malaga ta yanke wa likitan da ya yi aikin hukuncin ɗaurin shekara guda saboda sakaci, bayan da aka tabbatar bututun ya shiga cikin kogon ciki ya huda hanji.

Na biyu, jini da magunguna. Mace mai kilo 50 duka jinin jikinta bai wuce lita uku da rabi ba, don haka asarar da mai babban jiki za ta jure ita za ta iya jefa ta cikin mawuyacin hali. Maganin kashe zafi na lidocaine da ake zubawa a ruwan da ake ɗurawa shi ma da nauyin jiki ake auna shi. Ma'aunin da Klein ya bayar a 1990 shi ne miligiram 35 ga kowane kilo, wato 1,750 ga mai kilo 50, da 2,800 ga mai kilo 80. Sai ga shi siririya ce ake buƙatar a bi wurare da yawa a jikinta kafin a tara abin kirki, kuma kowane wuri yana buƙatar nasa ruwan. Idan maganin ya wuce kima yana jawo farfaɗiya da rikicewar bugun zuciya, kuma alamun kan iya bayyana sa'o'i da dama bayan an gama aiki. Ƙungiyar likitocin gyaran jiki ta Amurka, ASPS, tana ɗaukar zuƙo fiye da lita biyar a matsayin babban aiki da ke buƙatar a kwana ana sa ido a kan majinyaci. Ga mai ƙaramin jiki, adadin da zai girgiza ta bai kai haka ba.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, a wurin ɗurawa. Mazaunai hawa-hawa ne: fata, sai kitse, sai wata fatar ciki mai ƙarfi, sai tsoka. A cikin tsokar da ƙarƙashinta akwai manyan jijiyoyi da ke mayar da jini zuwa zuciya. Idan bakin bututu ya yaga ɗaya daga cikinsu yayin da ake tura kitse, kitsen kan bi jini ya wuce zuciya ya toshe hanyoyin jini na huhu, kuma mutum na iya rasuwa a kan gadon tiyata cikin mintuna. Wurin da ya halatta a zuba kitse shi ne tsakanin fata da wannan fatar ciki. A jikin siririya wannan fili ƙanƙane ne, fatarta kuma sau da yawa a ɗaure take, don haka kuskuren ɗan ƙaramin zurfi ya isa ya kai bututu cikin tsoka.

Abin da mace-macen suka koyar

A 2015 likitoci a Meziko da Kolombiya suka wallafa nazarin gawarwakin waɗanda suka rasu bayan wannan aiki, inda suka alaƙanta mutuwar da ɗura kitse a cikin tsoka da yagewar jijiyoyin wurin. A 2017 wani kwamiti na gidauniyar binciken tiyatar kwalliya ta Amurka, ASERF, ya tattara bayanai daga likitoci 692 a kan ayyuka 198,857, ya samu rahoton mutuwa 32 sakamakon toshewar huhu da kitse. Daga wannan bincike ne aka samu ƙiyasin da ya yaɗu a duniya, cewa kimanin mutum ɗaya cikin 3,000 ke mutuwa.

A 2018 manyan ƙungiyoyin likitocin gyaran jiki biyar suka fitar da gargaɗi na haɗin gwiwa cewa a daina ɗura kitse cikin tsoka ko ƙarƙashinta. A wannan shekarar ce wata 'yar Birtaniya mai shekara 29 ta rasu a birnin Izmir na Turkiyya yayin aikin, kuma ƙungiyar likitocin tiyatar kwalliya ta Birtaniya, BAAPS, ta shawarci mambobinta su dakatar da shi gaba ɗaya. Sai a Oktoban 2022 ta sassauta, bisa sharaɗin a tsaya a saman tsoka, kuma a yi amfani da na'urar sikanin da ke nuna inda bakin bututu yake a lokacin da ake ɗurawa. Wani bincike na 2020 ya nuna ƙiyasin mutuwa ya sauko zuwa kusan ɗaya cikin 15,000 bayan da likitoci da dama suka sauya salo.

Duk da haka doka kaɗai ba ta wadatar ba. Jihar Florida ta Amurka ta haramta ɗura kitse cikin tsoka a 2019, amma aka ci gaba da mutuwa. Wani nazari da aka wallafa a 2022 ya ƙirga mutum 25 da suka rasu a kudancin jihar daga 2010 zuwa 2022, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 nasu an yi musu aikin ne a asibitocin da ke karya farashi suna yi wa mutane da yawa a rana. Saboda haka a 2022 hukumar likitocin jihar ta taƙaita aikin zuwa uku a rana ga kowane likita, ta kuma wajabta amfani da na'urar sikanin. Darasin ya shafi kowa, amma ya fi shafar marasa jiki, waɗanda aikinsu ya fi buƙatar natsuwa da lokaci.

Shawarar a yi ƙiba kafin tiyata

Sau da yawa akan ce wa siririya ta je ta ƙara kilo biyar ko goma ta dawo. Likitoci sun rabu a kan wannan shawara, kuma akwai dalilin kimiyya na yin taka-tsantsan. Wani bincike na Cibiyar Karolinska da ke Suwidin, wanda mujallar Nature ta wallafa a 2008, ya nuna cewa yawan ƙwayoyin kitse a jikin baligi kusan a tsaye yake. Abin da ya fi sauyawa idan mutum ya yi ƙiba ko ya rame shi ne girman kowace ƙwaya. Ma'ana, wadda ta cika cikinta na wata uku domin tiyata, ƙwayoyinta ne suka kumbura. Ranar da ta koma nauyinta na asali, waɗanda aka dasa a mazaunai za su motse tare da sauran. Ƙarin nauyin zai yi amfani ne kawai idan za ta iya riƙe shi har abada. Bugu da ƙari, ba mutum ne ke zaɓar inda ƙiba za ta sauka ba. Wani kaso yakan tafi can cikin ciki inda ba a iya zuƙowa.

Abin da ya fi wannan muni shi ne neman ƙiba ta hanyar ƙwayoyin da a arewacin Najeriya ake kira "sha ka fashe". Yawancinsu suna ɗauke da dexamethasone ko cyproheptadine ko duka biyun. Dexamethasone magani ne mai ƙarfi da ba a sha sai da umarnin likita. Idan aka daɗe ana shan sa yakan tara kitse a fuska da ƙeya da ciki, ya riƙe ruwa a jiki, alhali yana cinye tsokar cinya da ta mazaunai, wato akasin abin da mai shan sa ke nema. Yana ɗaga sukari da hawan jini, yana raunana garkuwar jiki, yana hana ciwo warkewa. Haka kuma yana sa jiki ya rage samar da sinadarin da ke taimaka masa jure wahala, ta yadda wadda ta ɓoye wa likita cewa tana shan sa, ko ta yanke shi farat ɗaya gab da tiyata, jininta zai iya faɗuwa warwas a lokacin aiki. Shi kuwa cyproheptadine maganin ƙaiƙayi da borin jini ne da ke buɗe ciki. A 2023 Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka, FDA, ta gargaɗi jama'a game da ruwan maganin Apetamin mai ɗauke da shi, ta ambaci illarsa ga hanta da kuma yawan barci.

Waɗanda aikin bai dace da su ba

Sirantaka wani lokaci halitta ce, wani lokaci kuma alamar ciwo ce. Tarin fuka, ciwon sukari, cutar HIV da ba a kula da ita ba, yawan aikin maƙoƙo, ciwon hanji da matsalar ƙin cin abinci duk suna ramar da mutum. Wadda ta rame ba da niyya ba a watannin baya-bayan nan, binciken asibiti ya kamace ta kafin kowace magana ta kwalliya.

Ciwon sikila yana buƙatar ambato na musamman, domin Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu shi, inda ake ƙiyasta haihuwar jarirai kimanin 150,000 da shi a kowace shekara, kuma da yawa daga cikinsu sirara ne. Doguwar tiyata, sanyin ɗakin aiki, asarar jini da ƙarancin iskar shaƙa duk suna tayar da ciwon, kuma yana iya kama ƙirji. Haka ma masu ƙarancin jini, masu ciwon zuciya ko ƙoda, waɗanda jini ya taɓa daskare musu a ƙafa ko huhu, masu juna biyu da masu shayarwa, da waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Masu shan taba ko shisha ana buƙatar su daina aƙalla mako huɗu kafin aiki, domin sinadarin nikotin yana tsuke ƙananan jijiyoyin da kitsen da aka dasa ya dogara da su.

Akwai kuma ɓangaren tunani. Likitocin ƙwaƙwalwa sun san wata lalura da ke sa mutum ya riƙa ganin babban aibi a jikinsa inda wasu ba sa ganin komai, har abin ya hana shi sukuni. Masu wannan lalura ba kasafai tiyata ke gamsar da su ba, sukan koma neman wata bayan wata. Likita nagari yakan tambayi dalilin son aikin, da ko matsin miji ko saurayi ko gorin ƙawaye ne ya kawo mutum, kuma yakan ba da lokacin tunani tsakanin ganawar farko da ranar aiki.

Sauran hanyoyi da nasu haɗarin

Ga wadda ba ta da isasshen kitse, hanyar tiyata ta biyu ita ce dasa robar silikon a cikin tsokar mazaunai, wani lokaci a rufe gefunanta da ɗan kitse. Wannan ba ya buƙatar ƙiba, amma yankan yana kusa da dubura, don haka buɗewar ɗinki da shigar ƙwayoyin cuta sun fi yawa. Robar na iya gocewa ko juyawa, ruwa na iya taruwa a kewayenta, kuma a jikin siririya gefenta kan fito fili. Wasu sukan buƙaci a sake buɗewa a gyara ko a cire.

Akwai kuma allurar cike wuri da ake tallatawa a matsayin aikin da ba yanka. Adadin da ake buƙata domin a ga canji a mazaunai yana da yawa, tsadarsa ma haka, kuma ba ya daɗewa. A Satumbar 2024 wata mata mai shekara 33 ta rasu a Ingila bayan irin wannan allura. Mafi haɗari duka shi ne ruwan silikon da wasu marasa lasisi ke ɗurawa a shagunan kwalliya da ɗakunan otal. FDA ta yi gargaɗi a kansa a Nuwambar 2017, domin yana yawo a jiki, yana toshe jijiyoyi, kuma da zarar ya shiga nama ba a iya kwashe shi duka. Su kuwa mayukan shafawa da ƙwayoyin da ake cewa suna ƙara mazaunai kaɗai, babu wani maganin da aka tabbatar yana aika kitse zuwa gaɓa guda.

Hanyar da ba ta da waɗannan haɗura ita ce motsa jiki. Tsokar mazaunai ita ce mafi girma a jikin ɗan Adam, kuma tana girma da atisayen tsugunawa da miƙewa, hawan matakala da ɗaga nauyi, tare da isasshen abinci mai gina jiki kamar wake, ƙwai, kifi, nono da gyaɗa. Sakamakon yana ɗaukar watanni, ba ya sauya faɗin ƙashin ƙugu, amma a jikin siriri ya fi saurin bayyana.

Jinya da tafiya

Bayan aikin ana hana zama kai tsaye a kan mazaunai na aƙalla mako biyu, daga nan a riƙa amfani da matashi na musamman da ke ɗora nauyi a kan cinya har zuwa mako shida ko takwas. Ana kwanciya rub-da-ciki ko a gefe, ana sa matsattsiyar rigar da ke rage kumburi. Wannan ya shafi zaman ofis, hawan mota ko babur, har da zaman salla. Ga siririya asarar ɗan kitse saboda matsi ta fi fitowa fili, tun da abin da aka dasa kaɗan ne tun farko.

Wadda ta je wani gari ko wata ƙasa domin aikin tana fuskantar ƙarin matsala. Doguwar tafiya a mota ko jirgi jim kaɗan bayan tiyata na ƙara yiwuwar daskarewar jini a ƙafa, kuma idan ciwo ya taso bayan an dawo gida, likitan da ya san abin da aka yi yana nesa. Sarƙewar numfashi, ciwon ƙirji, kumburin ƙafa ɗaya, zazzaɓi, matsanancin ciwon ciki, jiri ko fitar mugunya alamu ne da ke buƙatar a garzaya babban asibiti nan take, a kuma faɗa wa likitoci gaskiyar abin da aka yi. Kunyar faɗa tana cinye lokacin da za a ceci rai.

Abin da ya kamata a tabbatar a Najeriya

Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, MDCN, ita ke yi wa likitoci rajista da ba su lasisi. Amma takardar kammala karatun likita kaɗai ba ta mayar da mutum ƙwararren likitan gyaran jiki. Wannan yana buƙatar ƙarin horo na shekaru a ƙarƙashin Kwalejin Horas da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa ko Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma, ko makamancinsu da aka amince da shi. Ƙwararrun fannin suna da ƙungiyarsu, NAPRAS. Rajistar asibitoci masu zaman kansu kuma tana hannun jihohi, kamar hukumar HEFAMAA a Legas da PHIMA a Kano. A 2020 Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayayya ta Tarayya, FCCPC, ta rufe wani asibitin gyaran jiki a unguwar Lekki ta Legas bayan ƙorafe-ƙorafen waɗanda aka yi wa aiki.

Duk mai tunanin wannan tiyata tana da haƙƙin ta ji amsa a fili a kan wasu abubuwa kafin ta biya ko sisi. Wane ne zai yi aikin da hannunsa, kuma mene ne horonsa? Mililita nawa yake tsammanin samu daga jikinta, kuma nawa zai rage bayan wata shida? A wane hawa zai ɗura kitsen, kuma yana amfani da na'urar sikanin? Mutum nawa yake yi wa aiki a rana? Akwai ƙwararren likitan sa barci, da jini a ajiye, da ɗakin kulawa ta musamman ko yarjejeniya da asibitin da ke da shi? Wa zai duba ta idan matsala ta taso da dare? Ya dace kuma ta nemi ganin hotunan waɗanda jikinsu ya yi kama da nata, waɗanda aka ɗauka bayan wata shida, domin hoton makon farko yawancinsa kumburi ne.

Likitan da ya yi wa siririya alƙawarin babban canji ba tare da ya taɓa jikinta ya auna ba, ko ya yanke mata farashi ta WhatsApp daga hoto, ko ya ce ta sha ƙwayar ƙiba ta dawo, ya riga ya nuna irin aikinsa. Wanda ya auna ya ce kitsen bai isa ba, ya ba ta amsar da ta fi kowace amfani, ko da ba ita ta so ji ba.